Edita, 'yar sarki ba lefe da jirage kaɗai ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu.

Ni malamar makaranta ce a nan Agege, da safe ina koyar da tarihi a sakandare, da yamma kuma ina ɗan taimakawa a islamiyyar matan aure. Asalinmu Gobirawa ne amma a Legas aka haife ni, a nan na yi aure. Abun da ya sa na ɗau waya nake wannan dogon rubutun shi ne yadda jaridunmu, har da taku ranka ya daɗe kar ka ji haushi, kuke kawo labarin auren gidan sarauta. Da an ce 'yar sarki kaza za ta auri ɗan wane sai a cika shafi da jirgi nawa ya sauka, gwamna nawa suka zo, akwati nawa aka kai na lefe, wa ya ba da aure wa ya karɓa, ita kuwa yarinyar hotonta kawai za mu gani an lulluɓe ta da alkyabba. Shikenan. In an kwana biyu gidajen nan biyu suka saɓa, ba ɗan jaridar da zai koma ya tambaya ita ya take ciki, alhali ita ce ubanta yana can mijinta yana nan, 'ya'yanta kuma jinin ɓangaren biyu ne.

Kwanaki a wajen wani suna a Idi-Araba mata suka taru kan waya ɗaya suna kallon bidiyon irin wannan bikin, ana ta kai wance ta more, Allah ka ba mu ko rabin haka. Akwai wata tsohuwa a gefe tana gyara goro a faranti, wadda da ƙuruciyarta ta yi aiki a cikin wata fada a arewa kafin aure ya kawo ta Ikko, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce "ku dai ku yi mata addu'a, wannan ko yaji ba ta isa ta yi ba." Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa maganar ta zauna mini, don gaskiya ce tsantsa. Ni da ke in abu ya ishe mu za mu ɗau mayafi mu hau danfo mu tafi gidan yaya mu huce kwana biyu, ita in ta fita to ba mata da miji ne suka ɓata ba, masarauta biyu ne.

Ɗalibaina suna ɗauka wannan abu namu ne na Afirka, shi ya sa nake fara musu da Turawa. A Faransa a 1572 ƙasar ta shekara goma ana yaƙi tsakanin Katolika da Furotesta, duk Kirista ne fa, amma kowa na ganin ɗan'uwansa ɗan wuta. Sai uwar sarki, Katarina ta gidan Medici, ta ga dabarar sulhu ita ce ta ɗauki 'yarta Magaret mai shekara 19, Katolika, ta ba Henri na Nabar wanda shi ne babban ɗan sarauta a ɓangaren Furotesta. Aka ɗaura aure a Paris ranar 18 ga Agusta, kuma tun a ranar an ga alama, don ango bai shiga cikin coci wajen addu'arsu ba, a waje ya tsaya. Manyan Furotesta duk sun zo biki, sun cika gari. Kwana shida kacal, daren 24 ga wata, aka buga ƙararrawa aka hau su da yanka. Ana bikin duniya ake na ƙiyama. Dubban mutane aka kashe a Paris kaɗai kafin abun ya bazu sauran garuruwa.

Inda nake so mai karatu ya tsaya shi ne ɗakin amaryar. Ita da kanta ta rubuta labarin rayuwarta daga baya, ta ce a daren tana wajen uwarta, yayarta ta riƙe mata hannu tana kuka tana cewa kar ta koma sashen mijinta, uwar kuma ta daka wa yayar tsawa ta ce wa Magaret tafi ki kwanta. Wato uwar ta san abun da za a yi, amma in aka riƙe amarya baƙi za su gane akwai wani abu, don haka gara a tura ta cikin haɗarin. Su Katolika ba su gaya mata komai ba saboda tana auren Furotesta, su Furotesta ba su yarda da ita ba saboda ita Katolika ce. Da asuba wani mutum da aka sara ya afko ɗakinta a guje ana biye da shi, ya faɗa kan gadonta ya ƙanƙame ta, rigar barcinta duk jini, ita ce ma ta roƙa aka bar shi da rai. Sati ɗaya bai cika da ɗaurin aure ba fa. Auren bai yi albarka ba, ba su haihu ba, ta yi kusan shekara 20 a wani gida can kan dutse nesa da fada, a 1599 aka raba auren. Shi kuwa gogan naka a 1593 ya koma Katolika abunsa don ya zauna daram a kujerar Faransa. Addinin da aka zubar da jini a kansa a satin bikinta, namijin ya sauya shi da sarauta ta buƙata.

Ta Ingila kowa ya ɗan ji. Katarina 'yar sarkin Aragon tun tana shekara uku aka yi mata baiko, a 1501 aka kai ta Ingila ta auri yarima Arthur, wata biyar ya mutu. Ta zauna shekara bakwai a ƙasar da ba tata ba, ba ta koma gida ba ba ta yi aure ba, ubanta da surukinta suna ta ja-in-ja kan ragowar dukiyar aure, don su a can uban mace ke biya. A 1509 ƙanin mijin, Henri na takwas, ya aure ta. Ta yi ta haihuwa suna komawa, mace ɗaya ce ta rayu, Mary. Da ya ga ba magaji namiji ya nemi Paparoma ya raba auren, Paparoma ya ƙi, sai ya fitar da ƙasar gaba ɗaya daga ƙarƙashin Paparoma ya naɗa kansa shugaban coci a 1534. Aka raba ta da 'yarta har ta mutu a Janairun 1536 ba su sake ganin juna ba. Wadda aka kore ta dominta, Anne Boleyn, a watan Mayu na shekarar aka fille mata kai. Ita kuma Mary da ta hau mulki a 1553 ta ƙona Furotesta kusan 300 da ransu. Ba na wanke ta, kisa kisa ne, amma in ina koyarwa nakan ce wa yara ku dubi yadda aka yi da uwarta a gabanta tukuna, sannan ku yi mamakin abun da ta zama.

Kuma kar wani ya ce ai wannan halin Nasara ne. Iyayen wannan Katarinar su ne suka ci Garnada a 1492, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, kuma kafin su ci ta sai da gidan sarautar ya dare biyu. Sarki Abul Hasan Ali yana da uwargida A'isha, jinin sarauta, sai aka kamo wata yarinya Kirista a yaƙi, Isabel, ta musulunta aka sa mata Surayya, ya aure ta ya fifita ta. Fada ta rabu, ɗan A'isha wato Abu Abdullahi ya yi wa ubansa tawaye, maƙiya na bakin ƙofa suna jira. Masu ba da labari sun fi son su ce kishi ne na mata ya ci Garnada, abun da ke ba ni haushi kenan, maza da takubba a hannu su yi ta saran juna sannan a ce laifin kishiyoyi ne. Surayya dai ba ita ta kawo kanta ba kamo ta aka yi, da gari ya faɗi kuma aka mayar da ita Kirista ita da 'ya'yanta maza biyu aka sauya musu suna. Mace ɗaya an sauya mata addini sau biyu, kowane karo bisa ga wanda ya yi nasara a filin daga.

To bari in dawo gida, don nan ne abun ya fi taɓa ni. Mu Gobirawa in ana maganar jihadi muna jin ta ta fuska biyu. Shehu Usmanu Allah ya ƙara masa rahama malaminmu ne, littattafansa muke karantawa, ba Musulmin da zai raina aikinsa. Amma Alƙalawa da aka ci a 1808 aka kashe Sarki Yunfa garin kakanninmu ne. Littafin makaranta zai ce maka an ci Alƙalawa, sai a buɗe sabon babi. Matan fadar fa? Ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, an kama su an raba su gidajen waɗanda suka yi nasara, wasu suka zama ƙwaraƙwarai suka haifi 'ya'ya a can, 'ya'yan suka girma suka hau doki suka je yaƙi da ragowar Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya, wato da kawunnansu. Kakata Allah ya jiƙanta, mai zane a kumatu har kusa da kunne, in ana irin wannan hirar cewa take mu da su ai an riga an cakuɗe, wa za ka zaga ba ka zagi naka ba.

A nan ne nake ganin girman Nana Asma'u, kuma ba ta fuskar da aka saba yabonta ba kawai. An haife ta a 1793, ta ga hijira zuwa Gudu tana yarinya, ta ga yaƙi da yunwa da idonta, ita ma aurenta na cikin gida ne na ƙulla zumunci, Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta Muhammadu Bello. Ta duba ta ga ƙasa cike da matan da yaƙi ya tumɓuke daga garuruwansu, an kawo su cikin sabon tsari ba su san kansa ba, da yawa bori suka sani. Ba ta ce a bi su da bulala ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa naɗa jajis, mata dattijai da za su jagoranci 'yan'uwansu su zo su ɗau karatu su koma ƙauye su koyar, ta yi musu waƙoƙi da Hausa don Hausa suke ji, ba Larabci ko Fulatanci ba. Kuma abun da ta ɗora wa jaji a ka malfa ce, irin wadda Innar Gobir ke sawa, ita Inna kuwa ita ce babbar mace a sarautar Gobir kuma uwar 'yan bori. Kun ga ta ɗauki alamar da matan nan suka saba girmamawa ta ba ta sabon aiki, ba ta wulaƙanta su da ita ba. Wannan sai mace da ta zauna da su a tsakar gida ta san ciwon da ke ransu.

Kano kuma in ka bi sarautar Dabo ta wajen uwaye sai ka ga wani tarihi daban. Ibrahim Dabo da ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846 ya auri Maryam 'yar Shehu, auren da ya ɗaure Kano da Sakkwato. Amma wadda ta haifi sarakuna uku a jere, Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, Shekara ce, wadda labarin baka ke cewa daga Daura aka kawo ta bayan jihadi ya ci garin. Yau in ka ce Shekara yawancin mutane makarantar 'yan mata za su tuna. Jikokinta ne suka yi basasar Kano daga 1893, Tukur ɗan Bello a gefe guda, 'ya'yan Maje Karofi a ɗaya gefen. Da Yusufu jagoransu ya rasu, Aliyu Babba aka sa a gaba, kuma cikin dalilan har da cewa mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi ce, ana ganin Sakkwato za ta fi saurin haƙura da jininta. Wato an aurar da yarinya shekaru da yawa kafin nan, sai ga shi aurenta ya zama abun lissafi a ranar yaƙi. Ita me ta ji da ɗanta ya ja daga da Tukur, wanda gidan ubanta ya naɗa? Littattafan da muke koyarwa da su ba su damu da wannan tambayar ba.

Mu da ke zaune a Legas ba sai mun je nesa ba ma. Duk Oba da ya zauna a Iga Idunganran, fadar sarkin Legas, tun daga Ologun Kutere ta tsatson mace ya fito, Erelu Kuti mahaifiyar shi Ologun Kutere. Rigimar Kosoko, ɗan sarkin Legas, da Eletu Odibo mai naɗa sarki, da ta jiƙa Isale Eko wato tsohon garin Legas da jini, a kan mace aka ce ta faro, wadda aka yi wa Eletu alkawari Kosoko ya aure. Da za a rama kuma a kan wa aka rama? 'Yar'uwar Kosoko, Opo Olu, aka yi wa ƙazafin maita aka kore ta daga gari, aka tone ƙasusuwan uwar Kosoko aka watsa a ruwa. Madam Tinubu da muke wucewa ta dandalinta in za mu Idumota ko Balogun sari, ita ma ta ƙofar aure ta shiga fada, ta auri Oba Adele, ya rasu a 1837. Ita kam ba ta zauna an yi da ita ba, ta yi kuɗi ta yi ƙarfi har da cinikin bayi, wannan ba abun ɓoyewa ba ne, amma duk ƙarfinta a 1856 aka fitar da ita daga Legas ta koma Abekuta. Ranar Asabar in gosulo ya riƙe mu a wajen nakan nuna wa yarana in ce kun ga matar sarki ce wannan, su dai hankalinsu na kan mai sayar da gala.

Na san wani malami zai ce to ai auren sulhu sunna ne, kuma gaskiyarsa. Manzon Allah SAW ya auri Juwairiyya 'yar shugaban Banu Musɗaliƙ, sahabbai suka ce surukan Annabi ne a hannunmu, suka saki kamammun danginta, gida wajen ɗari. Ya auri Safiyya 'yar Huyayyu shugaban Banu Nadir. To amma a karanta labarin har ƙarshe mana. An ba Safiyya zaɓi. Kuma ranar da aka goranta mata cewa ita 'yar Bayahude ce ta yi kuka, bai ce mata yi haƙuri haka zaman gidan manya yake ba, cewa ya yi ta gaya musu ubanta Annabi Haruna ne, baffanta Annabi Musa, mijinta Annabi Muhammadu. Ya tsaya mata a kan asalinta, daidai wurin da ake soka wa irin waɗannan matan wuƙa. Sannan Khansa'u 'yar Khizam da ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara aka warware auren, yana cikin Bukhari. Masu kafa hujja da sunna in za su ba da 'ya don gyara siyasa, wannan rabin ba sa kawo shi a huɗubar ɗaurin aure.

Ba ina cewa duk auren gidan sarauta dole ake yi ba, a'a, yanzu da yawansu sun yi boko har Ingila da Dubai, su suke kawo wanda suke so, wasu kuma zaman lafiya lau suke Allah ya ƙara. Mahaifiyar Aminu Ado da Nasiru Ado 'yar gidan sarautar Ilori ce, ta yi zamanta a Kano da daraja har ta zama Mai Babban Ɗaki, wato uwar sarki. Amma nauyin yana nan bai tafi ko'ina ba. Ranar 9 ga Maris 2020 da aka sauke Sarki Sanusi, duk kyamara tana kan motar da ta kai shi jihar Nasarawa, iyalinsa kuwa a ranar aka kwaso su aka kawo su nan Legas. Mu mata abun da muka riƙa tattaunawa a islamiyya shi ne ya mace za ta tattara gida guda cikin 'yan awanni, kayan ɗaki, takardun makarantar yara, maganin tsofaffi, masu aiki da suka dogara da ita. A watan Mayu 2024 abun ya juya ya faɗa kan gidan Aminu Ado, su ma da mata da yara. Ba ruwana da wa ke da gaskiya, wannan na kotu ne da masu siyasa. Abun da na sani kuma kowa ya sani shi ne uwargidan Sanusi 'yar'uwar Aminu Ado ce, 'yar marigayi Ado Bayero. 'Yan Facebook da TikTok suna ta zage-zage kowa da gwaninsa, ba wanda ya tsaya ya ce akwai baiwar Allah da in aka zagi wannan an zagi mijinta, in aka zagi wancan an zagi ɗan ubanta. In mai ja ya ja da ƙarfi rijiya ba ta jin komai guga ma ba ya ji, igiya ce ke tsinkewa.

Kuma abun ya sauko har ƙasa, don yanzu sarauta ba rawani kaɗai ba ce. Manyan 'yan kasuwa a Mile 12 da Alaba Rago, shugabannin unguwa, masu riƙe da ƙungiyoyin addini, duk suna wannan ƙulle-ƙullen da 'ya'ya mata. Na san yarinyar da aka ba ɗan abokin cinikin ubanta, gidansu 'yan ɗariƙa gidan mijin 'yan Izala, lokacin ana ɗasawa ba wanda ya ga matsala. Da iyayen suka ɓata kan kuɗin tirelar albasa sai ga shi an tuna ashe aƙida ba ɗaya ba, aka hana ta zuwa mauludi gidansu, uwarta kuma ta daina taka gidan. Tana zuwa ajina da yamma da jaririya a baya, ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba, in an tashi dai ita ce ta ƙarshen fita.

Roƙona gare ka Edita guda biyu ne. In za ku kawo labarin bikin fada ku kawo, muna so, mu ma muna kallon kwalliya, amma ku riƙa tura 'yan jarida mata, don namiji iyakarsa soro, su zauna da tsofaffin cikin gida, jakadu da uwayen soro da masu raino, su ɗauki abun da suka sani tun suna da rai, don tarihin cikin gida a bakinsu yake kuma kullum raguwa suke. Na biyu ku ba mu fili ko sau ɗaya a wata kan matan sarauta na da, ba Amina da Daurama kaɗai ba da kowane ɗan firamare ya haddace, a taɓo Shekara, a taɓo Maryam 'yar Shehu, Innar Gobir, Magira da Gumsu na Borno, har da na maƙwabtanmu Yarabawa tunda tare muke zaune. In kun buɗe filin ni zan fara aiko da na Innar Gobir, ina da abubuwan da na rubuta daga bakin kakata a wani tsohon littafin aji, sai dai ku yi haƙuri da rubutuna don a waya nake bugawa kuma wutar unguwarmu sai a hankali.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku,
Wata malamar tarihi,
Agege, Legas.